ZAGAYA ƘASA: Cin Guzuri a Kurmin Okomu

A wannan mako wannan fili zai bar Arewa ya gangara Kudu, zuwa wani gandun daji da ke Jihar Edo wanda ake kira Okomu, inda Gwamnatin Tarayya ta keɓe wani yanki na kurmi domin jama'a su je su gani, su huta, su ci guzurinsu a inuwa.

Kalmar kurmi ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Da ita yake kiran duhuwar itatuwa ta bakin rafi, da ita aka raɗa wa tsohuwar kasuwar birnin Kano suna, da ita kuma fatake suka riƙa kiran ƙasashen Kudu baki ɗaya, can inda suke zuwa saro goro. Amma fa mutum yana iya shekara ashirin yana kai da kawowa tsakanin Kano da Benin, ko Shagamu, bai taɓa sa ƙafarsa cikin kurmi na ainihi ba. Abin da yake hangowa ta tagar mota gonakin rogo ne da na koko, da kwakwar manja, da sauruka da suka yi duhu. Kurmin da kakannin fatake suka ratsa da ƙafa, wanda a da ya miƙe kamar ɗamara tun daga kogin Kwara har zuwa iyakar ƙasar Dahomey, ya yayyanke ya zama tsibiri-tsibiri. Masana suna cewa abin da ya rage na asalin kurmin Nijeriya bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Okomu ɗaya ne daga cikin 'yan tsibiran nan da suka saura a yammacin Kwara.

Wurin ba shi da wani girma. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 200 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na Yankari ba. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Ovia ta Kudu maso Yamma, tafiyar kamar kilomita 60 daga birnin Benin, tsakanin kogin Osse ta gabas da kogin Okomu ta yamma. Wanda ya taso daga Arewa sai ya biyo ta Lokoja da Okene da Auchi ya kwana a Benin, kashegari da sassafe ya nufi garin Udo, inda ofishin hukumar gandun yake. A can ake neman izni, a biya kuɗin shiga, a haɗa baƙo da ma'aikacin da zai yi masa jagora. Ba a shiga ba ja-gaba, kuma wanda ya ga wurin da idonsa ba zai tambayi dalili ba.

Shi kansa garin Udo yana da tarihi. Mutanen Benin suna ba da labarin wani basarake mai suna Arhuanran, ɗan Oba Ozolua, wanda ya riƙe Udo ya kuma yi jayayyar gadon sarauta da ɗan'uwansa Esigie a farkon ƙarni na 16. Sun ce ƙato ne na ban mamaki, har yakan tumɓuke bishiyar kwakwa ya yi shara da ita. Da yaƙi ya juya masa baya sai ya faɗa tafkin Odighi da ke kusa da garin. Mahaifiyar Esigie kuwa ita ce Sarauniya Idia, wadda siffar fuskarta ta zama tambarin bikin FESTAC da aka yi a Legas a 1977. Da haure aka sassaƙa siffar nan, kuma a zamanin da aka yi ta giwaye ne cike da dazuzzukan wannan yanki.

Daga Udo zuwa ƙofar gandun, abin da zai fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne sahu. Kwakwar manja ce da itacen roba a jere reras, layi bayan layi, kamar sojoji a fagen fareti, har ido ya gaji. Can sai sahun ya yanke. Itatuwa su tashi tsaye ba tsari, wannan ya haye wancan, hanya ta yi duhu kamar magariba ta gabato alhali ko hantsi bai gama dubawa ba, iska ta sake, wani ƙamshi na jiƙaƙƙen ganye da ruɓaɓɓen itace ya cika mota. To, an shigo kurmi ke nan.

A sansanin Arakhuan, kusa da wani rafi mai wannan suna, aka share fili domin masu ziyara. A irin wannan fili ne ake sauke kaya, a shimfiɗa tabarma, a buɗe kwanuka. A nan kuma baƙon da ya saba da Yankari zai gane cewa ya zo wata duniya dabam. A Yankari a kan shiga mota ne a zaga, a hangi giwa ko ɓauna daga nesa a cikin ciyawa, a dawo a yi wanka a Wikki, gwaggon biri yana kewaya kwanon abinci. A Okomu ba hange. Taku ashirin daga bakin fili ganye ya rufe kome. Wanda ya zo da niyyar ƙirga namun daji zai koma gida yana cewa an cuce shi. Dajin Arewa na ido ne, kurmi kuwa na kunne ne, sai wanda ya iya yin shiru yake cin moriyarsa. In aka bar hira na ɗan lokaci, aka kashe rediyo, sai a ji wurin ya cika da magana: gyare yana tsiwa ba ƙaƙƙautawa, wani tsuntsu yana maimaita kira guda kamar mai tallan da ba a saya ba, reshe ya karye can sama inda birai ke tsallake, sa'an nan wani huci ya wuce bisa kai, fuu, fuu, fuu, kamar ana zuga zugazugin maƙera. Wannan fiffiken wani babban tsuntsu ne, ɗan'uwan cilakowa, amma ya ninka ta girma nesa ba kusa ba, yana da wani tulluwa a kan bakinsa kamar ya kifa ƙoƙo.

Game da guzurin kuwa, akwai abubuwan da ya kamata mai niyya ya sani tun daga gida. Ruwan da ake yi a nan a shekara yakan kama daga milimita 1,500 zuwa 2,500, wato ninki biyu ko uku na abin da Kano ke samu, kuma ko da rani laima ba ta barin iska. Saboda haka kilishin da ya bar Arewa yana ƙaras-ƙaras zai yi laushi kamar tsumma, ƙuli-ƙuli ya daina ƙara a baki, gumi kuma ya ƙi bushewa a jiki ko da mutum yana zaune a inuwa. Ƙasa a jiƙe take, tilas a sa leda a ƙarƙashin tabarma. Kafin a shimfiɗa ma sai a duba da kyau, domin kwarkwasa takan ratsa fili a jere, baƙi ƙirin kamar an ja igiya, wanda kuwa ya zauna a kan hanyarta zai yi rawar da bai shirya ba a gaban iyalinsa. Takalmi rufaffe ake sawa da dogon wando, saboda akwai irin kasar kurmi wadda zanen jikinta ya saje da busasshen ganye. Akwai sauro, akwai kuma ƙudaje masu cizo da rana. Ba a hura wuta sai inda ma'aikata suka nuna, ba a tsinkar tsiro, ba a jefa wa biri abinci. Leda da gwangwani da kwalba kuwa, wanda ya kawo su shi zai koma da su. Wannan doka ta ƙarshe ita ce aka fi karyawa a duk wuraren shaƙatawa na ƙasar nan, kuma abin kunya ne a ga mutum ya yi tafiyar kilomita ɗaruruwa domin ganin wuri mai tsabta, sa'an nan ya tashi ya bar shi kamar bayan tashar mota.

Bayan an ci an sha sai a bi ja-gaba a shiga ciki da ƙafa. Abin mamaki, cikin kurmin bai kai bakinsa sarƙaƙiya ba. Rumfar ganyen da ke sama takan tare hasken rana, abin da ke isowa ƙasa bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, don haka ciyawa ba ta samun yadda za ta yi. Sai dai gindayen itatuwa santala-santala, da igiyoyin daji masu kaurin cinyar mutum suna lilo daga sama, da surin gara da ya fi mutum tsawo, da laimar kwaɗi iri-iri a kan kututturan da suka faɗi. Da yake ba a ganin rana, cikin ɗan lokaci gabas da yamma sukan rikice wa mutum.

A tsakiyar wannan baƙunta ne mutumin Arewa zai yi kiciɓis da wani tsohon sani, wato rimi. Shi ne dai rimin da ake yi wa kirari da adon gari, wanda ya yi wa Zariya rawani. Sai dai rimin gari a sake yake, yana buɗe rassa yadda ya ga dama, na kurmi kuwa tsere yake yi da maƙwabtansa zuwa ga haske, don haka yakan miƙe sambal ba reshe har sai ya ɗara kowa, sa'an nan ya buɗe laimarsa. Saiwoyinsa sun fito waje kamar katangu, mutum biyar sa ɓuya a lungu guda. A kan wani irin wannan rimi ne aka kafa ɗakin kallo wanda ya jawo wa Okomu suna, a tsayin ƙafa 140, wato sama da mita 40, ana hawa da tsani. Waɗanda suka hau sun ga kurmin ta inda tsuntsu ke ganinsa, kore shar har iyakar gani. Can sama ne rayuwar take, can furanni suke da 'ya'yan itatuwa, can malam-buɗe-littafi yake, wanda aka ƙirga fiye da iri 700 nasa a wannan ɗan wuri.

Mai sa'a yakan ga birin da aka kafa gandun dominsa. Ɗan ƙarami ne mai farin gashi a maƙogwaro kamar dattijo ya yi furfurar gemu, kuma a duk duniya ba a samun jinsinsa sai a kudu maso yammacin Nijeriya da yankin bakin Kwara, da 'yan wurare a Jamhuriyar Benin da Togo. Giwar kurmi kuwa da wuya a gan ta. Abin da ja-gaba zai nuna shi ne sawunta a cikin taɓo, da kashinta, da ɓawon itacen da ta saɓule. Ba ta kai giwar Yankari girma ba, kunnuwanta sun fi kewayuwa, haurenta kuma a miƙe yake yana duban ƙasa. A 2021 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ta a matakin da daga shi sai ƙarewa, bayan an gano yawanta a Afirka ya ragu da fiye da kashi 86 cikin 100 a shekara 31.

To, yanzu sai a koma kan tabarmar nan da aka shimfiɗa, domin babban labarin Okomu a ƙarƙashinta yake. Duk wanda ya ga girman itatuwan nan zai rantse cewa tun da aka halicci duniya gatari bai taɓa shiga wurin ba. Ashe ba haka ba ne. A 1947 zuwa 1948 wata tawagar masana tsirrai daga Jami'ar Kambirij ta Ingila ta yi bincike a dajin, a cikinsu har da wani masanin itatuwa mai suna Eustace Jones. Da suka haƙa ƙasa sai suka riƙa tarar da gawayi da tsingaro, wato fasassun tukwane, shimfiɗe a ƙarƙashin kurmin. A 1999 wasu masana biyu, Lee White da John Oates, suka bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa irin wannan gawayi a ɗakin bincike, wanda ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 700. Ma'ana, a zamanin da Wangarawa ke shigowa ƙasar Hausa, ko kusa da haka, wannan wuri da ake kallo yau a matsayin dajin da ba a taɓa ba gonaki ne da gidaje, mata suna girki, yara suna fasa tukwane. Daga baya mutanen suka watse, gonakin suka zama saura, saurar ta zama kurmi. Mai cin guzuri a Okomu a kan kufai yake zaune.

Wani zai ji wannan ya ce to ai magana ta ƙare, tun da daji yana komowa da kansa, a sare mana, ya sake tsirowa. Wannan lissafin ɗan kasuwar da bai duba uwar kuɗi ba ne. Kurmin ya komo ne saboda a wancan zamani akwai wani kurmin kewaye da gonakin, akwai kuma masu dakon iri. Giwa takan haɗiye manyan 'ya'yan itatuwa ta je ta kasayar da ƙwallayen nesa, a cikin takin da za su tsira. Manyan tsuntsayen nan da birai da jemagu su ma aikinsu ke nan dare da rana. Ƙasar wurin kuma rairayi ce marar ƙarfi. Albarkar da ake gani ba a cikin ƙasa take ba, a jikin itatuwan take: ganye ya faɗo, gara da laima su narkar da shi cikin 'yan makonni, saiwoyin da ke kwance a sama-sama su tsotse nan take. In aka kwashe itatuwan, ruwan sama mai ƙarfi ya yi shekara biyu ko uku yana dukan ƙasa tsirara, sai ya wanke ɗan abin da ya rage. Manoman da suka share wurin shekaru 700 da suka wuce da gatari da wuta suka yi, kaɗan-kaɗan. Na yanzu da zarton inji da katafila suke zuwa, kuma abin da ke kewaye da Okomu a yau sahun kwakwa ne da roba da gonaki, waɗanda ba su da irin da za su ba da aro.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Turawan mulkin mallaka sun keɓe dajin Okomu tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da murabba'in kilomita 1,000, amma ba don tausayin biri ba, don katako. An yi shekaru ana fitar da gungume zuwa Sapele, garin da har wani irin katako ya ci sunansa a kasuwannin Turai. Aka kuma shigo da wani tsari da aka aro daga ƙasar Bama, inda ake ba manomi wurin da aka sare ya yi noma, shi kuma ya dasa wa hukuma itatuwa. Noman ya kankama, dashen ya yi ta ja da baya. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa gonar kwakwar manja a cikin dajin, daga baya aka ba da wasu sassan domin roba. Sai a 1982, da Pius Anadu na Jami'ar Benin da John Oates suka zaga dazuzzukan tsohuwar Jihar Bendel suka ga yadda namun daji ke ƙarewa, suka ba da shawarar a ware tsakiyar Okomu a hana taɓa shi. Gwamnatin jihar ta amsa a tsakiyar shekarun 1980, gidauniyar kare muhalli ta NCF ta karɓi kula da wurin a 1987, sa'an nan a watan Mayun 1999, a kwanakin ƙarshe na mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, doka ta 46 ta mai da shi gandun dajin ƙasa. Dokar nan ce kuma ta ɗaga dajin Kamuku na Birnin Gwari zuwa wannan matsayi, don haka su biyun tagwaye ne, ko da yake kowanne da irin ciwon da ke damunsa.

Ciwon Okomu masu saran itace ne ba bisa ƙa'ida ba, da mafarauta, da masu cusa gonaki ta gefe. Takardar doka ba ta tare zarto, sai mutum a tsaye da albashi a aljihunsa. A 2022 Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors, wadda tun 2017 take irin wannan aiki a Gashaka Gumti, aka ɗauki sababbin masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, cikinsu har da waɗanda a da su ne ke saran. Dabara ce mai kyau, gama ba wanda ya san hanyar ɓarawo kamar wanda ya taɓa bin ta. Sauran aiki shi ne a ga ɗorewarta.

Kada mai karatu na Arewa ya ɗauka wannan rigimar mutanen Edo ce su kaɗai. Katakon da ake rufin ɗaki da shi a Kano da Katsina da Sakkwato, mafi yawansa daga dazuzzukan Kudu manyan motoci ke hawo da shi zuwa kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa, kuma ba mai tambayar falanki daga wane daji ya fito. Akun nan mai jan wutsiya da ake sawa a keji a ƙofar gida ana koya masa sallama, ɗan kurmi ne, a kogon manyan itatuwa irin na Okomu yake ƙyanƙyasa, kuma saboda yawan kamunsa ne ƙasashen duniya suka hana cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa a taron da suka yi a Johannesburg a 2016. Sai kuma maganar ruwa. Manomi ya san hadari daga gabas yake tasowa, gaskiya ne, amma laimar da ke ɗure hadarin daga teku take zuwa, ta kudu maso yamma, ta bisa kan kurmi. Itatuwan sukan sha ruwan da ya zuba su mayar da shi sama ta ganyensu, iska ta ƙara gaba da shi. Masana yanayi da dama suna ganin cewa raguwar kurmin bakin teku tana iya rage ƙarfin daminar da ke isa can ciki.

Ga masu sha'awar zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da hanya ta bushe, domin da damina taɓon wurin yakan riƙe mota. Ya kamata a tuntuɓi ofishin hukumar tun kafin a taso, a ji halin da hanya da masauki da tsaro suke ciki. Hausawan da ke zaune a Benin, musamman na wajen Aduwawa, da matasan Arewa masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Edo, su abin ya fi wa sauƙi, don suna iya zuwa da safe su komo a ranar. Sai dai a tattara kaya da wuri. A cikin kurmi duhu yakan riga agogo, tun la'asar sakaliya ƙasan itatuwa ya fara rufewa, kwaɗi su karɓi kiɗa daga hannun gyare, ja-gaba kuma ya fara duban hanya yana cewa a yi sauri.